Wace samba kake son koya? Fashin baƙi kan raye-rayen baƙaƙen fatar Birazil

Duk shekara da Fabrairu ya kama, ko farkon Maris, sai kaga bidiyoyin bikin kanibal (carnival), wato babban bikin faretin titi, na Rio de Janeiro sun cika waya, mata da gashin tsuntsu a ka, tufafi ɗan mitsitsi, ga wasu ƙattin motoci da aka yi wa ado kamar gidan bene. Wani ya ce a'uzubillahi ya wuce, wani ya tsaya ya kalla har ƙarshe, amma dukansu abu ɗaya suka ɗauka, wai wannan ita ce samba. A ɗaya gefen kuma, daga Landan zuwa Tokyo zuwa biranen Amurka akwai azuzuwan koyon samba da rawar da ake kira dança afro, ana tallata su da cewa zo ka koyi al'adar Birazil ta hanyar rawa. To shin da gaske ne mutum zai fahimci wata al'umma ta hanyar taka ƙafa? Ni dai a ganina eh zai iya, sosai ma, amma ya danganta da wace samba ce kuma a hannun wa ya koya, domin sambar kala-kala ce kuma kowacce da labarin da take bayarwa.

Sai an fara da lissafin bayi kafin a gane komai. Cikin 'yan Afirka da aka kwashe zuwa nahiyar Amurka, kusan miliyan 5 Birazil aka kai su, wato wajen kashi 40 cikin 100, kuma ita ce ƙasa ta ƙarshe a can da ta soke bauta, ranar 13 ga Mayu 1888. Mafi yawa daga yankin Angola da Kwango aka ɗebo su, daga baya kuma musamman a jihar Bahia aka riƙa sauke Yarabawa da mutanen Dahomey da Hausawa da Nufawa. Ƙidayar 2022 ta nuna waɗanda suka ce su baƙaƙe ne ko ruwa biyu sun kai kashi 55 da ɗoriya. Bayin nan ba a bar su sun rubuta tarihinsu ba, ba a sa su makaranta ba, abin da ya rage a hannunsu shi ne jiki da murya da ganga, shi ya sa duk mai son sanin su dole ya bi ta nan.

Tsohuwar sambar da ta fi kusa da tushe ita ce samba de roda, ta yankin Recôncavo, ƙauyuka da garuruwan noman rake da taba da suka kewaye gaɓar ruwan Salvador, babban birnin jihar Bahia, irin su Santo Amaro da Cachoeira. UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2005. Idan ka ganta ba za ka ce dangin waccan ta talabijin ba ce. Jama'a ne a zagaye ana tafi, maza na kiɗa da pandeiro, wani ɗan bandiri mai kacau-kacau a gefe, da ƙaramar jita, wata tsohuwa kuma na goga wuƙa a bakin farantin cin abinci, wallahi faranti da wuƙa kayan kiɗa ne a wajensu, har akwai wata shahararriya a Santo Amaro da ake kira Dona Edith do Prato saboda shi. Matan kuma sanye da manyan buje har ƙasa, sau da yawa ba takalmi. Takun da suke yi miudinho sunansa, ƙafa ba ta ma barin ƙasa sosai, ɗan ja ne gaba da baya da sauri, ƙugu na amsawa, kafaɗa a natse.

Ga inda darasin yake. A nau'in da suke kira samba chula, muddin mawaƙa biyu na rera baiti ba mai shiga fage, komai ƙaiƙayin da ƙafarki ke yi sai kin jira. Sai sun dire, kayan kiɗa sun karɓa, sannan mace ɗaya tak ta shiga, ta bi gaban makaɗa ɗaya bayan ɗaya kamar tana gaishe su, ta zaga fagen, idan ta gama sai ta je gaban wata ta ɗan kai mata cibiya ko ta yi alamar haka, umbigada kenan, ma'ana ke ce ta gaba. Wannan kai cibiyar daga raye-rayen Angola ta samo asali. Wanda ya koyi wannan a inda ake yinsa ya koyi jiran layi, ya koyi cewa tsofaffi ne ke fara shiga, ya koyi cewa wanda ke tafi a gefe shi ma yana cikin aikin, ba ɗan kallo ba ne. Kuma zai lura ba haka kawai ake tashi a buga ba, yawanci bayan addu'ar wani waliyyi ne ko cika alwashi, misali a watan Satumba da ake dafa caruru, miyar kuɓewa da manja, a fara ciyar da yara bakwai don waliyyan Kiristoci Cosme da Damião sannan a shiga samba. A aji mai madubi a bango da lasifika kuwa, kowa ya fuskanci gaba yana kwaikwayon malama, duk wannan ya zube, takun ne kawai ya rage.

Yadda abin ya isa Rio kuma mata ne suka kai shi. Ƙarshen ƙarni na 19 mutanen Bahia suka yi ta ƙaura zuwa Rio neman aiki a tashar jiragen ruwa, suka zauna a unguwannin da ake wa laƙabi da ƙaramar Afirka, wajen Pedra do Sal da Praça Onze, dab da tashar Valongo inda aka sauke bayi kusan dubu 900, wadda aka tono a 2011. Cikin matan akwai Hilária Batista de Almeida, wadda kowa ya sani da Tia Ciata, haifaffiyar Santo Amaro a 1854, mai sayar da kayan zaƙi a titi kuma babba a candomblé, addinin gargajiya mai tushen Afirka. A gidanta ake taruwa kwana da kwanaki ana ci ana kiɗa, kuma daga irin wannan zaman ne waƙar Pelo Telefone ta fito, wadda mawaƙi Donga ya yi wa rajista a 1916 aka sake ta a faifai a 1917, abin da ya jawo rigima domin sauran 'yan zaman sun ce ai tare aka haɗa ta. Kaga tun ranar farko matsalar wa ke da samba, wa ke cin kuɗinta, tana nan.

A lokacin fa ba abin alfahari ba ce. Dokar laifuka ta 1890 ta haramta capoeira ƙarara, wannan wasan da ke tsakanin faɗa da rawa, sannan akwai dokar zaman banza da 'yan sanda ke kama duk baƙin da suka ga dama da ita, riƙe pandeiro kaɗai ya isa shaida. Labarin makaɗi João da Baiana sananne ne, 'yan sanda suka ƙwace masa nasa, sai wani sanata mai ƙarfi, Pinheiro Machado, ya sa aka ba shi sabo da sa hannunsa a jiki, ya zama kamar lasisin yawo. Ko a Bahia sai 1976 aka daina tilasta wa gidajen candomblé neman izinin 'yan sanda kafin su buga ganga. Kwanan nan kenan.

Sai makarantun samba, waɗanda ba makarantu ba ne irin na aji da allo, ƙungiyoyin unguwa ne. A 1928 su Ismael Silva suka kafa Deixa Falar a unguwar Estácio, suka sauya kiɗan yadda za a iya tafiya da shi a titi, da babbar ganga surdo mai nauyi a bugu na biyu. A 1928 ɗin dai su mawaƙi Cartola suka kafa makarantar Mangueira, ga kuma ta Portela can a Oswaldo Cruz da Madureira. Gasar farko a 1932, jaridar wasanni ta Mário Filho ce ta shirya, a 1935 hukuma ta karɓi abin hannu biyu, gwamnatin shugaban ƙasa Getúlio Vargas ta ga ai ga alamar ƙasa a ɓagas. Abin da ake kama mutane a kansa jiya ya koma abin nuna wa baƙi cewa mu a Birazil ba ruwanmu da wariyar launi, alhali masu kiɗan na can saman duwatsu a unguwannin talakawa ba ruwa ba wuta. Filin faretin da kuke gani a bidiyo, Sambódromo, Oscar Niemeyer ya zana shi aka buɗe a 1984, tsawonsa wajen mita 700.

Abin da zai ba ka mamaki, wannan matar da kyamara ba ta ɗaukewa daga kanta, sarauniyar makaɗa, ba ta kawo maki ko ɗaya. Alƙalai abubuwa tara suke dubawa, kuma rawarta ba ta ciki. Suna duba makaɗa, waɗanda kan kai 250 zuwa 300, suna duba jigon labarin da makarantar ta zaɓa da waƙar, suna duba ko dubban mutanen nan duk suna rera waƙar tare, suna duba ko an bar giɓi a tafiya. Suna kuma duba mutum biyu, mace mai riƙe da tutar makaranta da namijin da ke zaga ta yana kare ta, su kuma ba ma samba suke takawa ba, juyi ne na ƙasaita a rufe ruf tun daga wuya har ƙasa, idan tutar ta naɗe a sanda an yi asarar maki, kuma manyan baƙi sumbatar gefen tutar suke yi. Akwai kuma rukunin baianas, tsofaffin mata masu faffaɗan buje suna juyi, dole ne kowace makaranta ta zo da su, don tunawa da su Tia Ciata. Ɗan yawon buɗe ido na iya sayen kaya ya shiga fareti, ana yi, amma idan bai haddace waƙar ba yana ta murmushi yana ɗaukar hoto, to makin unguwar mutane yake zubarwa, mutanen da suka shekara suna atisaye a zaurensu, suna ɗinki, suna dafa wake da nama ran Asabar don tara kuɗi.

Kuma jigon nan ba wasa ba ne, darasin tarihi ne da ake rerawa. A 1960 makarantar Salgueiro ta ci gasa da labarin Palmares, garin bayin da suka gudu suka kafa mulkinsu, wanda shugabansu Zumbi ya mutu a 1695, lokacin littattafan makaranta ba su cika kula shi ba. Sai a 2003 aka yi dokar da ta wajabta koyar da tarihin Afirka a makarantun ƙasar, kaga masu samba sun riga gwamnati da shekara 40 da wani abu.

Ita kuwa dança afro da ake koyarwa a aji, tana da uwa. Mercedes Baptista ce baƙar mace ta farko da ta shiga rukunin masu rawar bale na babban gidan wasan Rio a 1948, amma aka riƙa ajiye ta a gefe ba a ba ta fage. Ta tafi New York ta yi karatu wajen malamar rawa Katherine Dunham, ta dawo ta kafa ƙungiyarta a 1953, ta riƙa zuwa gidajen candomblé tana nazarin motsin da ake yi, ta mai da shi darasi mai tsari da za a iya koya wa kowa. A Salvador kuma Mestre King ya yi irin wannan aikin, ɗalibansa suka bazu duniya. Don haka idan malama ta ce ka sara da hannu kamar mai takobi, Ogum ne, ubangijin ƙarfe da yaƙi a wajen Yarabawa. Hannu na lilo kamar igiyar ruwa Iemanjá ce, mai duba madubi tana shafa awarwaro Oxum ce, mai kaɗa hannu sama kamar tana korar iska Iansã ce. Kowane da kiɗansa a kan ganguna uku da kuge.

Nan ne Musulmi zai tsaya, kuma ya kamata a faɗi gaskiya ba kwana-kwana. Motsin nan daga wajen bauta aka ɗauko shi. Abin ya yi kama da bori a wajenmu, inda kowane iska ke da kiɗansa da takunsa da kayansa, kuma akwai bambanci tsakanin wanda ya hau da ɗan wasan kwaikwayon da ke nuna yadda ake yi a dandamali. Su kansu mabiya candomblé suna wannan bambancin, abin da ke faruwa a gidan ibadarsu daban, na aji daban, wasunsu ma haushi suke ji idan aka mai da abin bautarsu motsa jiki na rage ƙiba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba sai ya bar wannan ɓangaren, ko ya tsaya a karatu da kallo, ba wanda zai ce bai san Birazil ba don haka. Masu bin candomblé da ɗan'uwansa addinin umbanda a ƙidayar 2022 kashi 1 ne kacal, mafi yawan masu taka samba Kiristoci ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne malamin da zai koya maka motsin ya ɓoye maka asalinsa don kar ka gudu da kuɗinka.

To mu ina muka shigo? Kada wani ya tashi ya ce samba ta Hausawa ce, ba tamu ba ce, jijiyarta Angola da Kwango ce, rawar orixá, wato abin bauta irin su Ogum, kuma ta Yarabawa da mutanen Dahomey. Amma kakanninmu na cikin labarin ta wata ƙofa. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun sa an kama mutane da yawa daga ɓangarorin biyu, aka gangara da su bakin teku, jirage suka sauke su a Bahia. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa a Salvador, a 1809 aka sake yi, a Fabrairun 1814 suka far wa wuraren kamun kifi na Itapuã. Wannan ya jawo muhawara tsakanin masu mulki kan kiɗa da rawar bayi. Gwamna Conde da Ponte ya ce a murƙushe taron ganga domin a nan ake ƙulla tawaye. Wanda ya zo bayansa, Conde dos Arcos, ya ce a'a a bar su su yi ran Lahadi a wuraren da aka keɓe, su huce, kuma kowace ƙabila ta riƙa tuna ita daban ce kar su haɗe kai. Duk su biyun dai sun san fagen rawa ba wajen shashanci ba ne.

Babban tawayen shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, wanda ake kira tawayen Malê, wato Musulmi. Wajen mutum 600 suka fito da fararen riguna da layu, aka kashe sama da 70, 'yan sanda suka ƙwace alluna da takardu masu rubutun Larabci. Yawancinsu Yarabawa ne, Hausawa kaɗan ne a wannan karon, amma cikin malaman da aka tuhuma akwai Bahaushe 'yantacce mai sayar da taba, Elesbão do Carmo, da ake kira Dandará. Masanin tarihi João José Reis ya bi takardun shari'ar dalla-dalla. Bayan nan aka tasa ƙeyar mutane da yawa zuwa Afirka, wasu suka dawo da kansu, su ne Aguda na Legas da Tabom na Akra, kuma wani magini cikin irin waɗannan da suka dawo ne ya yi aikin masallacin Shitta-Bey na Legas da aka buɗe a 1894. Musulunci ya dushe a Bahia a hankali, amma sunan bai mutu ba, kuma abin mamaki masu rawa ne suka riƙe shi. A 1979 aka kafa ƙungiyar kanibal mai suna Malê Debalê a Itapuã, unguwar da Hausawa suka yi faɗan 1814, kuma an san ta da yawan masu rawa. A 2019 Mangueira ta ci gasar Rio da jigon mutanen da littafin tarihi ya manta, Malê na cikin waɗanda ta ambata.

Malê Debalê na cikin abin da ake kira blocos afro. Ta farkonsu Ilê Aiyê ce, matasan Curuzu a unguwar Liberdade suka kafa ta a 1974 lokacin mulkin soja, saboda manyan kulob na kanibal ba sa karɓar baƙaƙe, su ma suka ce to tamu ta baƙaƙe ce zalla, jarida ta zage su da cewa masu wariya ne. Olodum ta zo a 1979, a nan Neguinho do Samba ya gina kiɗan samba-reggae, su ne masu gangunan da Michael Jackson ya je ya yi bidiyo da su a Pelourinho, tsohuwar unguwar Salvador, a 1996. Rawar waɗannan ƙungiyoyi a buɗe take, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa manya, ƙirji gaba, ga rawani da atamfa, kuma suna da makarantun yara a unguwanninsu. A titunan nan ne za ka ga mata cikin fararen kaya suna soya acarajé, ƙosai ne sak na wake, sai dai a manja suke soyawa su tsaga shi su cusa jatan lande.

Ga mai son koyo, ko a intanet ne, abu na farko ya tambayi sunan abin da ake koya masa. Sambar gasar rawa ta Turawa, mace da namiji cikin kaya masu ƙyalli, a Turai aka tsara ta, ɗan Rio zai kalla ya ce wannan kuma mene ne. Samba de gafieira ta mutum biyu ce ta gidajen rawa na Rio. Samba no pé ita ce ta mutum ɗaya, taku uku cikin bugu biyu, nauyi a gaban tafin ƙafa, kuma kuskuren kowane sabon shiga shi ne ya fara murguɗa ƙugu da ƙarfi, alhali ƙafa da gwiwa ke aikin, ƙugu biyo baya yake yi. Maza ma na yi, nasu takun ya fi wasa da ƙafa da tsalle-tsalle. Banda su ga jongo na yankin gonakin kofi, ga maracatu da frevo a Recife, ga tambor de crioula a Maranhão. Sai ya tambayi malamin wa ya koya maka, wace unguwa, wace makaranta, domin a can kowa na da wanda ya karɓa a hannunsa kuma ba sa jin nauyin faɗa. Ya nemi fassarar waƙar da yake takawa, kar ya shekara yana murna a kan waƙar da ke kukan bulala. Idan kuma Allah ya kai shi can, kuɗin ajin ya fi amfani a hannun ƙungiyoyin unguwa da tsofaffin Recôncavo, waɗanda da yawansu sun tsufa cikin talauci duk da takardar UNESCO, a kan kamfanin yawon buɗe ido da zai kai shi wasan awa ɗaya a otal.